Albasar Madawa a kasuwar Najeriya: da ɗan gari akan ci gari

Duk wanda ya bi hanyar Madawa a watannin Maris da Afrilu, zai tarar da buhunan albasa jibge bakin titi, 'yan dako suna ta lodi. Albasar fadamar Tarka ce, da ta garaken Ƙarofan cikin ƙasar Buza, da ta Tamaske cikin ƙasar Keita, irin nan ja da duniya ta sani da sunan Galmi. Mafi yawanta Gana da Kodebuwa take nufa. Amma ga Najeriya nan kudu da Bangi, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kasuwar da babu kamarta a Afirka ta Yamma. Me ke sa bafataken Madawa ya yi dogon tunani kafin ya juya kan motarsa can?

Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, auratayya kuma ta daɗe. Amma a idon doka da na duwan, ɗan Nijar baƙo ne a Sakkwato kamar yadda kamfanin Turai yake baƙo a Legas. Abin da ya sami manyan kamfanonin waje a ƙasar nan ya isa darasi ga mai buhu ɗari.

Wahala ta farko: kuɗi

Manomin Tarka da sefa ake biyansa, mai saye a Najeriya kuwa naira yake bayarwa. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, naira kuwa an sake ta a watan Yunin 2023. Dalar Amurka da ake canzawa wajen naira 460 a banki ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Bafataken da ya ba da kaya bashi, ya jira wata biyu, yana iya karɓar kuɗinsa cif, ya zo wurin 'yan canji ya tarar riba ta narke har ta taɓa uwar kuɗi.

Wannan ciwon ne ya kama manya. A watan Agustan 2023 kamfanin magunguna na Ingila, GSK, ya ba da sanarwar daina kasuwanci da kansa a Najeriya bayan sama da shekara 50. A watan Disamba Procter & Gamble na Amurka ya ce zai bar ƙera kaya a ƙasar, ya koma shigowa da su daga waje. Masu saye suna nan. Mayar da naira dala ne ya gagara.

Fatakenmu sun daɗe da dabararsu: ba a kwana da naira. A sayar da albasa, a sayi hatsi ko kayan roba ko atamfa, a komo da su gida. Sai dai wannan ma tana da iyaka. Man fetur da ake shigowa da shi da araha ya yi tsada tun da gwamnatin Najeriya ta cire tallafinsa a watan Mayun 2023.

Ta biyu: ƙofa

Dattawan Adar ba su manta da 1984 ba, shekarar da Janar Buhari ya rufe iyaka ana tsakiyar fari, har aka laƙaba wa yunwar sunansa. Ba a buɗe ba sai 1986. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka kuma rufewa har watan Maris na 2024. Mai siminti yana iya jira. Albasar da ke cikin buhu, cikin zafin rana, ba ta jiran 'yan siyasa su shirya.

Hukuncin hukuma ma yakan faɗo ba sallama. A 2015 an ci kamfanin salula MTN, na Afirka ta Kudu, tarar dala miliyar 5.2 saboda layukan da ba a yi wa rajista ba. Bai tattara kayansa ba. Ya zauna aka daidaita kan naira miliyar 330, kuma a 2019 ya sa hannayen jarinsa a kasuwar hannun jari ta Legas, 'yan ƙasa suka sami rabo. Shoprite kuwa, wanda ya shigo a 2005, sayar da kantunansa ya yi ga 'yan Najeriya a 2021.

Ta uku: mai masauki

Najeriya ba ta rasa albasa ba. Aliyaro cikin jihar Kabi da fadamun Sakkwato suna nomanta da yawa, kuma 'yan kasuwarsu sun riƙe rumfunan manyan kasuwanni irin Mile 12 ta Legas. Baƙo ba ya sauke kaya ya buɗe ciniki da kansa. Sai ya bi ta hannun mai masauki, wanda zai ba shi wurin kwana, ya nemo masu saye, ya tsaya wa bashi, ya san wa za a gani idan rigima ta tashi. La'adarsa ba asara ba ce. Ranar da kasuwa ta kama da wuta, kamar yadda ta faru a Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021, wanda ba shi da kowa shi ke fara rasa dukiya.

Mai karatu zai lura cewa GSK, da ya janye, bai bar sayar da magani a Najeriya ba: miƙa rarrabawar ya yi ga kamfanonin cikin gida. Wato bayan shekara 50 ya koma ga tsarin da fataken goro da na shanu suka gada kaka da kakanni.

Abin da ya rage namu

Ba Madawa ke yanke darajar naira ba, ba ita ke riƙe da makullin iyaka ba. Amma ajiya tana hannunmu. Manomin da ya ci bashin iri da taki dole ya sayar lokacin girbi, sa'ad da albasa ta fi araha. Mai rudu mai kyau, wanda iska ke ratsawa, yana iya jira har farashi ya tashi, ko da wani kashi ya ruɓe. Ƙungiyoyin manoma irin ANFO da hukumomin jahar Tawa, nan ya kamata su sa ƙarfi: rumbunan ajiya, da bashin da ba ya tilasta sayarwa. Bafatake kuma kada ya ɗora dukan kayansa kan hanya guda, kada ya bar bashinsa ya daɗe cikin naira, kada kuma ya yi rowar la'adar mai masauki.