Tsatsa Ɓarawon Rufi: Yadda Za Ka Tsare Kwanon Ɗakinka

 Yau maganarmu kan rufin kwano ce, wanda wasu ke kira tol. Kai da ka sayar da hatsi, ko albasa, ko zogale, ko rago, ka aza kwano bisa ɗakinka, ka san wuyar da ka sha. To akwai ɓarawon da ke cin wannan dukiya sannu a hankali, ba ya fasa ƙofa, ba ya tada kare. Sunansa tsatsa. In ka gane yadda take shiga, za ka iya tare ta da kuɗi kaɗan.

Mene ne kwano?

Kwano baƙin ƙarfe ne da aka daɓe ya zama falle. A Ingila aka fara yi masa wannan lanƙwasa mai tudu da kwari, a shekarar 1829, don ya ƙara ƙarfi. Baƙin ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iska sai ya yi tsatsa. Saboda haka a masana'anta ake yi masa riga da wani farin ƙarfe mai suna tutiya. Ita ce ƙyallin da kake gani jikin sabon kwano. Tutiya tana cinyewa sannu sannu a madadin ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Muddin rigar na nan, kwano na nan. Ranar da ta ƙare a wani wuri, nan ja zai bayyana, daga ja sai rami.

Rigar nan ba ta kai kaurin takardar da ke hannunka ba. Duk aikin tsaron rufi, aikin tsaron wannan riga ne.

Ruwan da ya kwana shi ne abokin gāba

A ƙasar Maradi ruwan sama na shekara wajen milimita 500 ne, daga Yuni zuwa Satumba. Ɗaki mai mita 4 da mita 5, rufinsa na karɓar lita 10.000 a damana guda, wato tano 50 mai cin lita 200. Wannan ruwa duka in ya zuba ya wuce, rana ta fito kwano ya bushe, ɓarnarsa kaɗan ce. Wanda ke kashe rufi shi ne ɗan ruwan da ya samu wurin kwana. Ga wuraren da yake kwana:

Na farko, ƙura da ganye. Hunturu na tara ƙura cikin kwarin kwano da bayan rawanin gini. Gawo kuwa, ka sani, da damana yake zubar da ganye, daidai lokacin da ruwa ke sauka. Ganye da ƙura su jiƙa su zama taɓo, su toshe indararo, su riƙe laima kwana da kwanaki.

Na biyu, kayan da muke ɗorawa. Harawar wake da ta gyaɗa, duwatsu da bulo na danne rufi, tsohuwar taya, tsohon keke. Ƙarƙashin kowane ɗayansu akwai damshi. Shanyar tumatir da tattasai kai tsaye bisa kwano ita ma ɓarna ce, don ruwansu na da tsami, tsami kuwa na cin tutiya. A shimfiɗa tabarma ƙasa ko a yi rumfar shanya.

Na uku, ƙusa. Inda aka buga ƙusa an huda riga. In cikin kwari aka buga ta, ta hanyar ruwa ke nan.

Na huɗu, ɓarnar da ke zuwa daga ciki. Tun da aka buɗe gandun noman rani na Jiratawa a farkon shekarun 1980, mai sama da eka 500 na awon hekta, takin zamani bai rabu da gidajenmu da mangazar ƙungiyoyi ba. Takin nan, musamman ure, yana jan laima, ƙurarsa da tururinsa na cin kwano ta ƙasa inda ido ba ya gani. Haka ma zaurin fitsarin dabbobi a garke da kashin kaji a akurki. Irin waɗannan ɗakuna suna son taga sama, gabas da yamma, iska ta ratsa. A ɗaure bakin buhu, a aza shi bisa katako, nesa da rufi.

Tun ran gini, ran zane

In sabon rufi za ka yi, tambayi kaurin kwano kafin ka tambayi kuɗinsa. Da milimita ake auna shi: 0,20 ya fi 0,15 kauri. Araha ba ta ado. Akwai kuma wanda ake kira aluzinc, mai rigar alminiyom da tutiya haɗe, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1972. Ya fi na tutiya zalla daɗewa bisa ɗakin kwana, amma ba ya jure garken dabbobi da ɗanyen siminti.

Kada ka jibge sabon kwano ƙasa ruwa ya shiga tsakaninsa. Farin gari zai fito masa, rigar ce ke ci tun ba a ɗora shi ba. Jingine shi tsaye cikin inuwa, wuri busasshe.

Ka ce wa kafinta ya ba rufi gangara sosai, ko da za a ɓoye shi bayan rawani. Falle ya hau falle da tudu ɗaya da rabi ta gefe, da santimita 15 zuwa 20 ta tsawo. A buga ƙusa mai hula da roba bisa tudu. A yanka kwano da almakashi, don injin yanka na ƙone tutiya, garin ƙarfen da yake watsawa kuma shi ke fara tsatsa. Simintin da ya zuba bisa kwano a goge shi tun yana ɗanye. Mai sa farantin hasken rana ya kula kada wayar jan ƙarfe tsirara ta taɓa rufi, don jan ƙarfe na gaggauta cin tutiya.

Hawa biyu a shekara

Ka hau rufinka sau biyu. Hawan farko da bazara, cikin Afrilu ko Mayu, kafin hadarin gabas mai iska ya zo: share ƙura, buɗe indararo, sare reshen da ke gogar kwano, sake ƙusar da ta yi sako-sako. Hawa na biyu bayan kaka, cikin Nuwamba ko Disamba, lokacin gyara da fenti, don iska ta bushe kuma rana ba ta yi zafi ba. Da rana tsaka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka ɗaga kai. Duk inda ka ga haske kamar tauraro, rami ne, sa masa alama da alli.

Yadda ake gyara

1. Kankare tsatsa da burushin ƙarfe da samfefa har ƙarfe ya fito fes. Kada ka kankare wurin da tutiya ke da lafiya.
2. Wanke da ruwa da sabulu, ɗauraye, bari ya bushe sarai.
3. Ranar nan ka shafa fentin tsatsa, wanda ƴan kanti ke kira antiruy. Ƙarfen da aka kankare aka bari ya kwana, raɓa za ta mayar da aiki baya.
4. In ya bushe, shafa fentin mai hannu biyu, kwana ɗaya tsakani. Fari ko mai haske ya fi, don yana rage zafin ɗaki. Zaɓi safiyar da babu ƙura.
5. Ƙaramin rami a liƙe shi da kwalta da ƙyalle, ko da ledar kwalta ta kanti. Babba a yi masa maho da guntun kwano, a cusa kansa ƙarƙashin falle na sama don ruwa ya bi ta bisa.
6. Fallen da ya zama rariya, fenti ba ya ceton sa. Cire shi ka sa wani, kafin ya ruɓar da katako.

Sabon kwano mai ƙyalli ba ya riƙe fenti. Bari ya ci damana guda, ya dushe, sannan a shafa.

Gargaɗi uku

Akwai jan fentin tsatsa irin na da mai suna minium, da dalma ake yin sa. Dalma guba ce, ta fi cutar yara. A Zamfara ta Nijeriya, a 2010, ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Kai da ka iya karatu, duba jikin gwangwani, ka nemi marar dalma. Kada ka shafa baƙin man mota bisa rufin da ake tarar ruwansa.

In za ka hau, aza faffaɗan katako ka taka, ko ka bi layin ƙusa. Wani ya riƙe maka tsani, ka kuma nisanci wayar lantarki.

In kwano ko ƙusa ta yanke ka, wanke da sabulu, ka tafi likita a yi maka allurar tetanos, cutar nan mai sandarar da jiki. Kada ka tsaya sa toka ko ƙasa.

Rufin da ya zuba, ba shi kaɗai ke lalacewa ba. Katako ya ruɓe, bangon ƙasa ya jiƙa ya zube, irin shuka ya yi fumfuna, taki ya narke cikin buhu. Tsintsiya, burushi da gwangwanin fenti ɗaya sun fi bandir ɗin kwano sauƙi. Rigakafi ya fi magani. Karanta wa maƙwabcinka da bai shiga yaƙi da jahilci ba wannan takarda, ku sa ranar duba mangazar ƙungiya tare. Allah ya ba mu damana mai albarka.