Kaka Ta Shigo: Wa Ke Lura da Lafiyar Samari da 'Yan Matan Gida?

Ruwan sama ya fara ja da baya a Bauchi. Ɗanyar gyaɗa da sabuwar masara sun cika Kasuwar Muda Lawal, masu gasa masara sun jeru a bakin titin Wunti, makarantu kuma sun koma zangon karatu na farko. Iyaye na ta fama da kuɗin makaranta da littattafai da kayan ɗaliban kwana. A cikin wannan hidima akan manta cewa kaka tana cikin lokutan da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da mutane.

Dalili kuwa, ruwan Agusta da Satumba ya bar kududdufai da ciyayi a lunguna, sauro ya hayayyafa. Cutar takan ɗauki kwana 10 zuwa 15 bayan cizo kafin ta bayyana, don haka ko ruwa ya ɗauke, masu zazzaɓi ba sa raguwa nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Nijeriya suke.

Waɗanda aka bari a tsakiya

Ƙananan yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 suna samun maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana rabawa duk wata a damina. Mai juna biyu tana samun nata a wurin awo. Amma ɗan shekara 13 zuwa 19 ba ya cikin ko ɗaya. A gida ma kallon babba ake yi masa. Idan ƙaninsa ya yi zazzaɓi, Umma za ta goya shi zuwa asibiti. Idan shi ne, sai a miƙa masa kuɗi a ce, "Je ka kemis a haɗa maka magani."

Alhali shi ya fi kowa haɗuwa da sauro. Sauron da ke yaɗa maleriya daga magariba zuwa asuba yake cizo, daidai lokacin da samari ke majalisa ko gidan kallon ƙwallo. A watan Satumba ake fara gasar zakarun Turai, wasannin dare kuma sai wajen ƙarfe goma suke tashi. Idan ya dawo, ɗakin samari ko shago zai kwana, gidan sauron kuwa an riga an ɗaura wa ƙanana. Ita kuma budurwa, ga jinin al'ada duk wata, ga maleriya mai farfasa ƙwayoyin jini. Idan ta yi fari, tana yawan jiri da kasala, kada a ce lalaci ne, a auna jininta.

Kurakurai uku da ake yawan yi

Na farko shi ne shan magani ba gwaji. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, musamman yanzu da mura ke ƙaruwa gabanin hunturu. Gwajin ɗigon jini na yatsa ba ya wuce minti 20, kuma ana yin sa a ƙananan asibitocin unguwa. Haka nan a daina haɗawa da maganin taifot don kawai an saba cewa "maleriya da taifot ne". Wannan hukuncin likita ne.

Na biyu shi ne kuskuren adadi. Tun 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma magungunan ACT, irin su Coartem da Lonart, kuma da nauyin jiki ake auna su, ba da shekaru ba. Idan ƙwayar mai lamba 20/120 ce, mai kilo 25 zuwa 34 zai sha uku a lokaci guda, mai kilo 35 zuwa sama kuma huɗu. Mai lamba 80/480 ƙwaya ɗaya ce ke tsayawa a madadin huɗun. Ana sha sau shida cikin kwana uku: na biyu bayan awa 8 da shan na farko, sauran kuma safe da yamma. A sha bayan abinci mai maiƙo ko madara, domin maiƙon ne ke taimaka wa jiki ya tsotse maganin. Idan aka yi amai cikin rabin awa da sha, a sake.

Na uku shi ne yankewa. Yaro ya ji sauƙi a rana ta biyu, ya jefa sauran a aljihun jaka. Ƙwayar cutar da ta rage sai ta sake tasowa bayan mako biyu ko uku, wataƙila yana tsakiyar jarrabawa. Ko ya fi ki tsawo, Umma, a gabanki ya kamata ya haɗiye duka shidan.

A kula da farasitamol ma. Magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki, wanda ya haɗa su da farasitamol ya ninka ke nan, kuma yawansa yana lalata hanta. Asfirin kuwa ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba.

Akwatin ɗan makarantar kwana

Ko 'yarki tana Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke nan Bauchi, ko ɗanki yana Azare, gidan sauro mai magani ya fi gari da sukari muhimmanci a akwatinsa. Kada a cika masa jaka da magunguna ya riƙa yi wa kansa da abokansa likitanci. Mai asma ya tafi da abin shaƙarsa har da na ajiya, don ƙurar hunturu na tafe. Mai sikila ya tafi da magungunansa da rigar sanyi, a kuma jaddada masa yawan shan ruwa. A sanar da ma'aikatan asibitin makarantar a rubuce.

Ƙofar da sakaci ke buɗewa

Yaron da ya saba sayen magani shi kaɗai, ba mai tambayar me ya sha, ya koyi cewa kowace damuwa tana da ƙwayarta. Yau ta ciwon kai, gobe ta hana barci don karatu, jibi wadda aboki ya ce tana sa ƙarfi. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin, saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, maza da mata. Tiramol kuwa mai lamba 50 da 100 kawai aka amince da shi, shi ma da takardar likita. Wanda ya ga mai 200 ko 225 a aljihun ɗansa, ya san ba ta halastacciyar hanya ya fito ba.

Idan haka ta faru, duka da tonon silili ba sa gyara. Abba ya kira shi gefe, ba a gaban ƙanne ba, ya ce, "Babana, na ga wannan a kayanka. Faɗa mini gaskiya, me ke damunka?" Daga nan a nemi likita.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Idan amai ya hana magani zama, ko fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko idanu sun yi rawaya, ko numfashi ya yi wuya, ko yaro ya fara sambatu ko jijjiga, zancen kemis ya ƙare. A wuce Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ba tare da jiran wayewar gari ba.

Samari da 'yan mata ba kasafai suke cewa ba su da lafiya ba, sai dai a ga sun bar abinci ko sun shige ɗaki. Yau da dare a leƙa makwancinsu a ga ko akwai gidan sauro, a kuma tambaye su maganin da suka sha a makon nan. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu lafiya mai amfani.