Ƙwas-ƙwas a Kan Inji: Inda Gyaran Gida Yakan Tsaya

A gidaje da yawa na Damagaram da Maraɗi babur shi ne jarin iyali. Da shi ake kabu-kabu, a kai yara makaranta, a kai mara lafiya likita. Saboda haka idan injinsa ya gaji, maigida mai ɗan sanin hannu yakan kwance shi a zaure, ya canza zoben fistan, ya goge bawul, ya mayar. Sai a buga kik, injin ya tashi da ƙara ƙwas-ƙwas kamar ana dukan kwano da cokali, ko kuwa ya tashi lafiya lau amma da ya ɗauki zafi ya mutu. Sau da yawa laifin yana ga wata ƴar tazara da ba ta kai kaurin reza ba.

Injin da muke magana a kansa shi ne irin na Honda CG125 da kwaikwayonsa na ƙasar Sin da suka cika kasuwanninmu. A 1974 injiniyoyin Honda suka zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, suka tarar mutane na labta wa babur kaya, ba su damu da canjin baƙin mai ba. Sai suka ƙera injin da ke jure sakaci. Abin da ke buɗe bawul yana ƙasa kusa da mai, kuma sanduna biyu na ƙarfe ne ke kai motsinsa sama, su tura ƙarafa biyu masu lilo, su kuma su danna bawul, wanda makanikanmu ke kira supap. Mai Bajaj Boxer ya sani nasa da sarƙa yake aiki, babu waɗannan sanduna a cikinsa.

Tsakanin ƙarfe mai lilo da kan bawul wajibi ne a bar tazara, domin ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi. A CG125 ma'aunin shi ne milimita 0.08 ga bawul ɗin biyu. Wasu kwaikwayon sukan nemi ƙasa da haka, don haka littafin babur shi ne alƙali. Duk wanda ya buɗe kan inji ya riga ya ɓata tsohon saiti, saboda sabon gaskit ba kaurinsa ɗaya da tsoho ba, bawul ɗin da aka goge kuma yakan ƙara nutsewa a mazauninsa. Shi ya sa sai an gama ɗaure kan inji tamau sa'an nan a taɓa saiti.

Mafi yawan kuskure, ya kai mai karatu, a nan yake. A kan faifan da ke gefen hagu na inji akwai alamar T, mai nuna fistan ya kai ƙololuwa, da alamar F ta lokacin wuta. Kada a rikita su. To amma fistan yana isa ƙololuwa sau biyu kafin inji ya kammala aiki ɗaya: sau ɗaya yana matse iska da mai, bawul duka a rufe, sau ɗaya kuma yana gama fitar da hayaƙi, bawul duka a ɗan buɗe. Alamar T tana bayyana a duka biyun, ba ta faɗa maka wanne ne. Wanda ya yi saiti a na biyun zai ga kamar komai ya yi daidai, alhali ya bar tazara mai yawan gaske, kuma daga nan ƙarar take fitowa. Maganin abu ne mai sauƙi. Ka cire buji, ka toshe ramin da babban yatsa, ka juya faifan saɓanin tafiyar agogo. Idan ka ji iska na ture yatsanka, T ɗin da ke zuwa ita ce ta gaskiya, kuma a nan ƙarafan lilo biyu za su yi ɗan wasa in ka girgiza su. In sun ƙame, ƙara juyi ɗaya cikakke.

Sa'an nan a duba zaman sandunan. Kowace tana da ɗan gurbi a ƙasa da wani a sama, na ƙasan kuwa ido ba ya ganinsa sosai. Sanda takan hau gefen gurbi, a yi saiti a haka, da injin ya juya ta faɗa ciki, tazara ta buɗe, wani lokaci ma ta lanƙwashe. Ka murza ta da yatsu. Wadda ta zauna daidai takan juya sumul. In kana shakka, fito da ita ka gangara ta a kan gilashi. Mai lanƙwasa za ta yi ɗingishi, kuma a ganina miƙe ta da guduma ɓata lokaci ne, a sayi sabuwa.

Saitin kansa a yi shi da sassafe, injin ya kwana bai tashi ba. A watan Afrilu babur da ya wuni a rana ba za a kira shi mai sanyi ba. A zura siririn ƙarfen awo, a juya kusar saiti har ya riƙa wucewa da ɗan ja, a riƙe kusar a ɗaure noti, domin noti yakan ja ta ya matse tazarar. A juya inji sau biyu, a sake awo. Wasu na amfani da reza, wadda kaurinta ya kusa milimita 0.1. Ta fi babu, amma ƙarfen awo ba shi da tsadar da za a guje shi.

Abin tsoro shi ne masu matse saiti har ƙara ta ɗauke ɗif, suna murna. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke zafinsa ne a lokacin da ya zauna a mazauninsa. In bai rufe sarai ba, wuta na bi ta gefensa har ta ci bakinsa, a koma kwance inji da sabon kashin kuɗi. Alamunsa su ne kik ya yi laushi, babur ya ƙi tashi in ya yi zafi, ya riƙa mutuwa a tsaye. Ɗan ƙis-ƙis irin na keken ɗinki halin wannan inji ne, a bar shi da abinsa. Bayan tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku sabon gaskit zai kwanta, sai a sake buɗe murfi da safe a maimaita awon.