Kuzarin Yini Ba Sai da Shayi da Goro Ba

A ranar farko ta azumin Ramadan, tun kafin la'asar za ka ji mutane suna kukan ciwon kai. Yunwa da ƙishirwa ake ɗora wa laifin, kuma suna da nasu kason. Amma ga wanda ya saba karya kumallo a teburin mai shayi, ko dattijon da goro ba ya yankewa a aljihunsa, akwai wani dalilin: jiki ne ke ƙawar sinadarin kafeyin da ya saba da shi. Likitoci sun gano cewa wannan ciwon kai yakan taso awa 12 zuwa 24 bayan an daina shan sinadarin, kuma yana iya kai kwana 2 zuwa 9 kafin ya saki mutum.

Kafeyin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Fatake sun yi ƙarnuka suna ɗauko goro daga Gwanja, ta kasuwar Salaga da ke Ghana a yau, har zuwa Kano. Daga baya shayi ya shigo, ataya ta kafa sansani a fadar matasan Zinder da Yamai, Nescafé ya biyo. Yanzu kuma ga lemon ƙara kuzari na roba da na gwangwani, abokin tafiyar direbobi da 'yan adaidaita da ɗalibai a lokacin jarrabawa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafeyin ba ya rage wa jiki ainihin gajiyarsa ko ta anini. Daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, kuma gwargwadon taruwarsa, gwargwadon jin gajiya da barci. Kafeyin yana zuwa ne ya tare wuraren da adenosin ke maƙalewa, sai ƙwaƙwalwa ta daina jin saƙon gajiyar. Gajiyar kuwa tana nan, tana ma ƙaruwa. Bashi ne aka ci, kuma da zarar sinadarin ya saki, mai bin bashin zai yi sallama.

Ga shi kuma ba ya saurin barin jiki. A jikin yawancin manya, sai bayan kimanin awa 5 rabinsa ke fita. Wanda ya sha kofi da ƙarfe huɗu na yamma, rabin sinadarin na yawo a jininsa da ƙarfe tara na dare. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013, an ba mutane miligiram 400 na kafeyin awa 6 kafin su kwanta, barcinsu ya ragu da fiye da awa guda. Haka zancen ke zagayowa: a sha don an gaji, a kasa barci don an sha, a wayi gari a gajiye a sake sha. Masu cewa "ni ko na sha ataya da tsakar dare barci nake yi" su sani cewa rufe ido daban, zurfin barci daban.

Don haka maganin kasalar rana a daren jiya yake. Baligi na buƙatar barcin awa 7 ko fiye. Mai tashi sallar asuba da ƙarfe biyar, lissafinsa a bayyane yake, ƙarfe goma ta same shi a shimfiɗa. Na san akwai zafi, akwai sauro, akwai wutar lantarkin da ba ta zuwa sai dare ya raba, a tashi guga da cajin waya. Amma mu faɗi gaskiya, hirar majalisa da kallon ƙwallo da latse-latsen waya sun fi sauro cin barcinmu. Jiki yana da agogonsa, wanda masana uku suka samu kyautar Nobel a 2017 saboda gano yadda yake aiki, kuma agogon nan yana son tsari: lokacin kwanciya ɗaya, lokacin tashi ɗaya, sannan a fita hasken hantsi, domin hasken safiya ne ke saita shi.

Gyangyaɗin bayan azahar ma daga agogon ne. Ko mutum bai ci komai ba, kuzari yakan sauka a wannan lokaci. Ƙailula, da malamai suka daɗe suna kwaɗaitar da mu a kanta, ita ce amsarsa. Hukumar NASA ta gwada ta a kan matuƙa jirgin sama masu dogon zango, kuma rahotonta ya nuna cewa waɗanda suka runtsa na kimanin minti 26 sun fi sauran natsuwa da kaifin lura. Sirrin a gajarta ne. Minti 20 ya isa. In aka zarce zuwa awa guda, sai a tashi da nauyin kai, kuma in aka yi ta bayan la'asar, barcin dare ne zai biya.

Sai abinci. Shayi mai kauri da cokali uku na suga da farin burodi yana ɗaga sukarin jini da sauri, ya kuma sauke shi da sauri, shi ya sa kafin azahar jiki ya mutu. Ƙosai da koko, ɗumame da miyar kuka, kunun gyaɗa, ƙwai, duk sun fi riƙe ciki. Da rana kuma, wanda ya danna malmala uku kada ya zargi kowa in ido ya rufe a kan aiki. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, kasalar da yawa ƙishirwa ce kawai. In fitsari ya yi duhu, a sha ruwa. Motsi ma yana aiki: masanin halayyar ɗan Adam Robert Thayer ya nuna a 1987 cewa tafiyar sauri ta minti 10 ta fi alewa tayar da kuzari, kuma tasirinta yana kai awa biyu.

Akwai gajiyar da ta fi ƙarfin duk wannan. In mutum yana samun barci da abinci amma kullum jikinsa a mace, ya je asibiti. Ƙarancin jini yana haka, musamman ga mata masu ciki da masu shayarwa, kuma shan shayi tare da abinci yana rage yawan sinadarin ƙarfe da hanji ke tsotsa daga wake da ganyaye, don haka a bar tazarar awa guda tsakaninsu. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon suga, damuwa mai tsanani, da minshari mai ɗauke numfashi cikin barci, duk suna ɓuya a bayan "na gaji". Rufe su da lemon kuzari ɓata lokaci ne, balle a kai ga haɗa shi da tiramol, wanda ya riga ya ci matasa da yawa.

Ba cewa ake kowa ya zubar da butar shayinsa ba. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce a 2015 baligi mai lafiya zai iya shan har miligiram 400 a yini, wato kusan kofuna huɗu na kofi, mai ciki kuma kada ta wuce 200. Mai son ragewa kada ya yanke rana ɗaya. Ya fara sauke na yamma da na dare, ya rage ganyen kaɗan-kaɗan cikin mako biyu ko uku, ya cike gurbin da zoɓo marar suga da yawa, ko ruwan citta da kanumfari da na'a-na'a wanda ba a sa masa ganyen shayi ba.