Me ya sa kwamfuta ke ci gaba da nawa bayan an ƙara mata RAM?

A shagunan buga takardu na Gwarzo da Kabo, lokacin rajistar jarrabawar JAMB shi ne kakar cin kasuwa, kuma shi ne lokacin da asirin tsohuwar kwamfuta ke tonuwa. Ɗalibai sun yi layi, janareta na shan mai, shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Maganin da kowa ya sani shi ne a hau mota zuwa Kano, a shiga Titin Beirut a sayo RAM. Sau da yawa akan dawo, a ɗaura, kuma babu abin da ya sauya.

Matsalar ita ce RAM ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. A ɗauki misalin tela: dilar yadi tana sito, wadda ita ce ma'ajiyar dindindin. Yadin da yake yankawa yana kan tebur, wato RAM. Almakashi da allura kuwa suna hannunsa. Wannan na hannun shi ake kira kesh, ƙaramar ma'ajiya ce da ke cikin firosesa kanta, hawa uku: L1 da L2 da L3. Ɗauko bayani daga L1 bai fi nanosakan 1 ba, daga RAM kuwa yakan kai 60 zuwa 100. Firosesar Core i5-3320M, wadda ta cika tsofaffin laftof na gwanjo, kesh ɗinta megabayit 3 ne, ita kuwa i5-8250U tana da 6. Ba a sayar da shi a kasuwa balle a ƙara; yadda firosesa ta zo, haka za ta tsufa.

Sai uwar allo, wadda masu gyara ke kira bod. Ita da firosesa ne ke ƙayyade irin RAM ɗin da za ta shiga da gudun da za ta yi. DDR3 ta fito a 2007, DDR4 a 2014, kuma ba sa shiga ramin juna: ta laftof mai DDR3 haƙora 204 gare ta, ta DDR4 kuma 260. Ko a cikin DDR3 ɗin ma akwai tarko, domin ta asali tana aiki da bolt 1.5, DDR3L kuma 1.35. Yawancin laftof masu firosesar Intel zubi na huɗu DDR3L suke nema, idan aka ba su ɗayar sai allo ya yi baƙi ƙirin, mai ita ya ɗauka ta ƙone.

Asarar da ta fi ciwo ita ce wadda ba a gani. Wanda ya biya kuɗin RAM mai lamba 3200 ya saka wa i5-8250U, a 2400 za ta yi gudu, don iyakar firosesar ke nan. Idan aka haɗa mai sauri da mai nawa, dukansu sai su koma tafiyar mai nawar. Amma guda biyu masu gigabayit 4 iri ɗaya sukan fi guda ɗaya mai 8 kuzari, saboda bod na buɗe musu layi biyu, kamar titi mai hannu biyu.

Wani lokacin ma laifin ba na RAM ba ne sam. Tsohon faifai mai juyawa shi ke riƙe komai, kuma sauya shi da SSD ya fi nuna bambanci nan take. Ƙurar hunturu da zafin bazara ma suna toshe fanka, firosesa ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone.

Kafin a kashe kuɗin mota zuwa Kano, a danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai nuna gudun RAM, da ramuka nawa aka cika, da kuma ko faifai ne ke tsaye a kashi 100.