Gidan Sarki na Fanisau

Arewa da birnin Kano, a cikin ƙaramar hukumar Ungogo, akwai wani tsohon gari da ake kira Fanisau. A nan ne ɗaya daga cikin gidajen sarakunan Kano na karkara yake. Sunan garin ya fito sosai a zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846. Ya mai da shi ribaɗi, wato sansanin tsaro, sa'ad da yake yaƙi da Ɗan Tunku. A can ne Baturen nan Hugh Clapperton ya iske shi a shekarar 1824.

Kyan irin wannan gida yana cikin ƙasar da aka gina shi da ita. Magina kan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, su mulmula tubali da hannu, su shanya shi a rana. Rufin kuwa da azara ake yi, wato itacen giginya da aka tsaga, domin gara ba ta cika cin sa ba. Daga nan sai a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, don kada ruwan sama ya zaizaye shi. Saboda kaurin bangon, duk wanda ya shiga soro da tsakar rana a lokacin bazara zai ji wani sanyi da ginin siminti ba ya bayarwa. Sai dai ginin ƙasa ba ya son sakaci. In aka yi 'yan shekaru ba a yi masa yaɓe ba, damina za ta cinye shi.

Da kaka karkarar ta fi daɗi. An girbe gero da dawa, rumbuna sun cika, ga sabuwar gyaɗa, ga iskar hunturu ta fara kaɗawa. A al'ada ma, sarki yakan fita can da mahaya a kwanakin Sallah, abin da ake kira Hawan Fanisau.

Amma ya kamata mai karatu ya tambayi kansa, su wa suka nome gonakin nan? A ƙarni na 19, gandun sarki ne ya kewaye garin, kuma akasarin masu aiki a cikinsa bayi ne, da yawansu an kamo su a wajen yaƙi. Su ne suke ciyar da fada da dawakinta. Turawa sun ci Kano a 1903, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya ba sai a 1936. A ganina, wanda ya yabi zanen bango da sanyin soro bai ambaci waɗannan mutane ba, rabin labarin kawai ya bayar. Masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi guda a kan gandun Fanisau, wanda aka buga a 2011.