Yadda Likitoci Ke Auna Giya

Musulunci ya hana shan giya. Duk da haka akwai masu sha a ƙauyuka da birane, kuma ya kamata a san abin da take yi wa jiki.

Abin da ke bugarwa a cikin giya wani sinadari ne mai kama da ruwa. Shi likitoci ke aunawa, ba girman kofi ba. A Birtaniya suna da awo da suke kira yunit. Yunit 1 shi ne mililita 10 na tsantsar sinadarin, wato cikin ƙaramin cokalin shayi sau biyu. Hantar babban mutum tana ɗaukar kamar awa guda kafin ta narkar da yunit 1. Shan kofi ko wanka da ruwan sanyi ba ya sa ta yi sauri.

A shekarar 2016 manyan likitocin Birtaniya suka ce kada mai sha ya wuce yunit 14 a mako, namiji ne ko mace. Kafin wannan, iyakar maza ta fi haka. Mace mai ciki kuwa, suka ce kada ta sha ko kaɗan.

To, yunit 14 ba wani abu ne mai yawa ba. Babbar kwalbar giya da ake sayarwa a Nijeriya tana da kamar yunit 3. Kwalba biyar ke nan ta wuce iyakar mako, ga shi wani a dare ɗaya yake shanye su. Burukutu da ogogoro sun fi wuyar lissafi, domin babu rubutu a jikin ƙwarya, kuma ƙarfin na yau ba shi ne na gobe ba.

Giya tana kuma sa teɓa. Da kalori ake auna ƙarfin da abinci ke ba jiki. Giram 1 na sukari yana da kalori 4, na sinadarin giya 7, na mai 9. Babbar kwalba ɗaya tana da wajen kalori 250, kamar mutum ya sha ƙaramin cokali 15 na sukari. Tumbi zai fito, amma ba abin gina jiki a ciki.

Kada a ɗauka wanda bai kai yunit 14 ba ya tsira. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin giya da ba shi da illa. Tana kawo ciwon hanta da hawan jini, da ciwon daji na baki, maƙogwaro, hanji da nono.